Injiniya da Ƙarfen Sabis

Ba shi ya raɗa wa kansa Injiniya ba. Tela ne, maƙwabcin shagonsa, ya liƙa masa sunan da tsokana, ranar da ya tayar da wata rediyo da ta faɗa rijiya ta kwana a ciki. Tun ana faɗa ana dariya har aka daina dariyar, sunan ya zauna. Yaran da suka taso daga baya ma ba su san yana da wani ba.

Shagon nasa rumfar kwano ce a bakin hanyar da ta ratsa ƙauyen. Teburi ɗaya ne a ciki, ƙafa uku nasa ne, ta huɗun bulo aka jera. Gwangwanayen madara cike da sukurori da guntayen waya, ga kaskon gawayi a gefe inda yake gasa ƙarfen dalma, don garin ba lantarki. Rediyo yake gyarawa da tocila da agogon bango, in ta kama har keken ɗinkin Tela, wanda bai taɓa biyansa da komai ba sai surutu. Shi Injiniya mutum ne mai ƙarancin magana, mai naci. In aka kawo masa abu ya gagara, abinci ma ba ya shiga masa da daɗi. Yakan ce duk abin da ya lalace akwai wurin da ya lalace, in ka bi wayar a hankali ita za ta kai ka.

Matarsa kuwa awaki take kiwo, kuma duk maganar da shi ya haɗiye ita za ta faɗe ta. Sun haifi 'ya'ya, ƙasa ta karɓe su tun suna ƙanana, mace ɗaya ce ta tsaya musu. Don ba ta rabuwa da shagon tun tana rarrafe, kowa 'Yar Baba yake ce mata. Ta gama sakandare tana zaune a gida, shi kuma furfura ta ci rabin gemunsa, lokacin da wata farar mota ta zo.

Mutanen wata ƙungiya ne, suka ce intanet suka kawo. Shugabansu matashi ne mai fara'a da gilashi mai kauri a ido, ba a daɗe ba aka sa masa Mai Tabarau. Cikin 'yan makonni suka kafa dogon ƙarfe a bayan makarantar firamare, ya ɗara kowace bishiya a garin, aka ɗaure shi da wayoyi ta kowace kusurwa. A samansa suka ɗora wani farin faranti, fuskarsa na kallon wani tsauni can nesa ta wajen birni, inda aka ce akwai ɗan'uwansa. Suka shimfiɗa sola a rufin wani aji da ba a amfani da shi, suka jera batura a lungu, suka zuba kwamfutoci a kan tebura. Waya ɗaya kuma suka binne ta a ƙasa har zuwa ɗan asibitin garin.

Duk kwanakin nan Injiniya yana tsaye a gefe, hannu a baya, yana kallo. Ba ya sa baki, sai dai in ma'aikaci ya ajiye filaya ya manta inda ya sa ta, shi zai miƙa masa. Da aka zo maganar wanda zai kula da wurin, mai gari bai yi dogon tunani ba ya nuna shi.

"Baba, ka taɓa aiki da kwamfuta?" in ji Mai Tabarau.

"Ban taɓa ba. Amma na ga tana da sukurori."

Mai Tabarau ya yi dariya har ya cire gilashin ya goge. Ya ja shi gaban wani ƙaramin akwati da aka kafa a bango, ya nuna masa wata 'yar fitila.

"Ka ga wannan? In tana kore, komai lafiya. In ta yi ja, farantin ne ya kauce, ba ya ganin ɗan'uwansa. Sai ka hau ka juya shi a hankali, wani yana ƙasa yana faɗa maka, har ta koma kore."

Ya ba shi bel na hawa mai ƙugiya, da hular kwano. Ranar da Injiniya ya fito da hular a kansa, Tela ya bar ɗinki ya miƙe tsaye ya ƙame masa.

"Shekara da shekaru muna maka ƙarya, yau ga shi ta zama gaskiya. Ranka ya daɗe, kar dai ka manta da mu."

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Da sassafe zai share ɗakin, ya goge sola da ɗanyen tsumma, ya duba ruwan batura, sannan ya buɗe ƙofa. Manoma suna zuwa a duba musu farashin birni kafin su kai amfanin gona, dillalai suka fara yi masa kallon banza. Malamar asibiti, wadda ita kaɗai ce a ɗan asibitin, ta sami likitan da take nuna wa maras lafiya ta allon kwamfuta, ya faɗa mata abin da za ta yi da abin da ya fi ƙarfinta. Tsofaffi suka ga 'ya'yansu da suka tafi nema. Akwai wata tsohuwa da ta ga ɗanta a allo ya rame, ta yi masa faɗa tas, sannan ta kai bakin mayafinta za ta share masa gumi. Injiniya ya kau da kai ya yi kamar yana gyaran wata waya.

Iska takan kautar da farantin jefi-jefi. Sai ya ɗaura bel ya hau, 'Yar Baba tana bakin taga tana ɗaga murya: "Kaɗan, Baba. Ƙara kaɗan. Ta yi kore." Daga can sama yana hango garin gaba ɗaya, har awakin matarsa yana iya ganewa.

Shagon rediyo ya koma sai an neme shi yake leƙawa, daga baya ya sa masa kwaɗo. Bai ji zafin abin ba, don samari sun fara komawa waya, rediyon sai tsofaffi.

'Yar Baba ta fi kowa saurin koyo. Yatsunta suna gudu a kan kwamfuta kamar ana tsintar hatsi. A ɗakin nan ta ga wani kamfanin birni yana neman mai buga takardu, a ɗakin ta nema, a ɗakin aka amsa mata. Injiniya ya dawo gida bakinsa ya ƙi rufuwa.

Matarsa tana ɗaure akuya, ba ta ɗago ba.

"Malam, murna kake yi? Ɗaya tal muke da ita. Kai ka buɗe mata ƙofa da hannunka."

"Ai za ki riƙa ganinta a allo."

"Allo ne zai ɗebo min ruwa in na kwanta ciwo?"

Amma ita ce ta haɗa wa yarinyar kaya, ita ta raka ta bakin mota, kuma duk ƙarshen mako ita ke fara isa ɗakin kwamfuta da sabon mayafi, ta zauna jiran a kira.

Farar motar kuwa zuwanta ya fara ja baya. Da duk wata ake ganinta, sai ta koma sau biyu a shekara. Zuwan Mai Tabarau na ƙarshe ya taho da baƙi, aka ɗauki hotuna, aka sa Injiniya ya sa hularsa ya tsaya a gindin ƙarfen. Da za su tafi, Mai Tabarau ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baba, an mayar da ni wani wuri. Aikin nan yanzu naku ne."

Injiniya ya ɗauki maganar yabo. Har gida ya maimaita ta.

Batura suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa cire matattun yana haɗa masu rai. Kwamfutoci suka fara ciwo, ya koyi buɗe cikinsu, ya ciro na wannan ya sa wa waccan. Ɗakin da a da yake cika ya koma 'yan kwamfutoci kaɗan a sahun gaba, sauran an lulluɓe su da buhu. Duk da haka fitilar tana kore, malamar asibiti tana samun likitanta, matarsa tana ganin 'yarta.

Gab da faɗuwar damina aka yi wata iska mai ƙarfi da ta yaye rufin wasu gidaje. Da gari ya waye ya buɗe ɗakin, fitilar ta yi ja.

Bai damu ba. Ya ɗaura bel, ya roƙi Tela ya tsaya masa a taga, ya hau. Ya juya farantin dama, ya juya hagu, ya ɗaga, ya sauke.

"Yaya?"

"Ja ce har yanzu," in ji Tela. "Kamar idon matata in na dawo ba cefane."

Washegari ya sake hawa. Ya bi wayar daga sama har ƙasa da yatsa, bai sami inda ta yanke ba. Ya kwance kowane mahaɗi ya goge tsatsa. Ya buɗe akwatin bangon, ya shinshina ko zai ji ƙauri, ya taɓa kowane gurbi da dalma. Akwai wani tudu a bayan gari inda waya takan kama sabis in an yi sa'a, ya je can ya yi ta kiran lambar Mai Tabarau, wata murya tana ce masa lambar ba ta aiki. Ya aika saƙo ta hannun direban motar haya, direban ya ce ya sami ofishin a rufe, wataƙila hutu suke.

Malamar asibiti tana leƙowa kullum da safe. Sai ta kalli fitilar, ta kalle shi, ta juya. Wata rana aka kawo mata yaro yana sanƙarewa, ta yi iya abin da ta sani, ba wanda za ta tambaya. Aka ɗora shi a babur zuwa birni cikin taɓo, ya cika a hanya. Babu wanda zai iya rantsewa cewa likitan allo zai ceci yaron. Amma maganar ta zaga gari, kuma ta iso kunnen Injiniya: an ba mai gyaran rediyo kayan da ya fi ƙarfinsa, ya yi ta tone-tone har ya kashe shi. Wasu suka ce ai ya sayar da wani abu ne daga ciki.

Daga ranar ya daina zama a majalisa. Abinci ma sai matarsa ta tsaya a kansa.

"Malam, ka bar ƙarfen nan. Gwiwarka ba ta da ba ce. Masu shi ma sun tafi."

"A hannuna aka bar shi."

"To a hannunka ya mutu, sai me? Kai ka halicce shi?"

"Akwai inda ya lalace. Ban dai kai wurin ba ne."

Haka ya yi ta hawa daminar nan, wani lokaci Tela na taga, wani lokaci shi kaɗai: ya juya, ya sauko ya duba, ya koma. Tela ya daina tsokanarsa, kuma hakan ya fi tsokanar ciwo. Bel ɗin ya tsufa, ɓera ya taɓa shi a gefe, Injiniya ya kai wa Tela ya tafka masa ɗinki, Tela yana yi yana mita.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, ƙarfen yana jiƙe, ya hau. Yana saukowa, bai kai rabi ba ƙafarsa ta zame. Bel ɗin ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ya tsinke a wani wurin da ba nan aka ɗinke ba. 'Yan makaranta ne suka ji faɗuwar.

Ƙugunsa ya karye, da ƙafar hagu. A bayan motar ɗaukar kaya aka kai shi birni, matarsa na riƙe da kansa a cinya har suka isa.

A asibitin birni 'Yar Baba take kwana a gindin gadonsa, ta tafi aiki daga nan. Da ya fara samun kansa, abin da ya fara ce mata shi ne ta nemo masa mutanen ƙungiyar, ta tambaye su me ke sa fitila ta ƙi kore bayan an juya faranti ta ko'ina.

Ta je. Inda ofishin yake ta tarar da kantin kujeru. Mai gadin wurin ya kwatanta mata wani mai gyaran janareto da ya taɓa yi wa ƙungiyar aiki, ta bi kwatance har ta same shi a ƙarƙashin wata rumfa, hannu duk baƙin mai.

"Ƙauyen da ke bayan tsauni?" ya ce. "Ai ni na hau na sauke farantin tsaunin. Yarjejeniyarsu da masu ba da layi ta ƙare, ba a sabunta ba, aka ce mu kwaso kayan."

"Yaushe?"

"Kafin ruwan farko. Muna saukowa ma iska ta taso, da ƙyar muka kai mota."

"Ba wanda ya gaya wa mutanen ƙauyen?"

Mutumin ya goge hannunsa a wando. "Ni dai sauke kaya aka sa ni, 'yar'uwa. Na ɗauka an gaya musu."

Ta dawo asibiti ta sami uwarta a baranda, ta faɗa mata, ta ce gara a bar shi sai ya warke.

"A'a," in ji uwar. "Yana kwance yana ganin shi ya kashe ɗan mutane. Shiga ki gaya masa. In ba za ki iya ba ni zan shiga, kin kuwa san bakina."

'Yar Baba ta zauna a bakin gado, ta faɗa masa yadda aka faɗa mata, ba ta rage ba. Ya saurara idonsa na kan silin.

"Wato babu kowa a can gefen."

"Babu, Baba."

"Duk daminar nan."

Ta sunkuyar da kai. Ya lumshe ido, har ta ɗauka barci ya kwashe shi. Can ya ce, "Shi wanda ya sauke ɗin, da bel ya hau?"

"Ban tambaye shi ba."

Ya juya fuskarsa bango, iya yadda ƙugun ya bar shi. Ranar bai ci abinci ba.

Da sanda biyu ya koma ƙauye, daga baya ya koma ɗaya, ƙafar hagun ta gajarce. Labarin ya riga shi isa. Mutane suka zo gaisuwa, suka yi masa sannu da jiki, suka zagi ƙungiyar. Ba wanda ya ce masa ya yafe maganar da aka yi a kansa, shi ma bai nema ba. Uban yaron da ya rasu ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin, suka gaisa, can ya tashi ya tafi.

Ɗakin kwamfuta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujerun makaranta. Solar kuwa ta fara ɓacewa daga rufin, yau wannan, gobe waccan, ana ganinta a rufin wasu gidaje ba a magana. Da ya ji saura biyu, ya sa aka ɗauke shi a baro zuwa ɗan asibitin, ya zauna a kujera yana nuna wa Tela da sanda inda zai sa kowace waya, har suka haɗa wa malamar firjin ajiye allurai. Tela ya soke yatsa da sukudireba, ya ce shi da allura ya saba, ba da wannan mugun abu ba. Wannan ce dariyar farko da aka ji daga bakin Injiniya tun faɗuwarsa, ita ma ba ta yi tsawo ba.

Bayan wani lokaci wani kamfanin waya ya kafa nasa ƙarfen a garin da ke gaba, sabis ya shigo har cikin ɗakuna. Samari suka koma gindin bishiya kowa da wayarsa a hannu. 'Yar Baba ta aiko wa uwarta da waya mai hoto, kuma matar ta koyi latsa ta da kanta. Tsohon shagonsa wani mai cajin waya ya karɓa. Injiniya yana gida a kan tabarma, tsofaffi suna kawo masa tocila jefi-jefi, amma hannunsa ya fara rawa, ƙaramin sukuri sai ya suɓuce masa sau da yawa kafin ya shiga. Awakin matarsa ne suka riƙe gidan. 'Yar Baba ta yi ta roƙo su dawo birni, ya ce ƙafarsa ba za ta iya hawa bene ba.

Ƙarfen ya yi tsatsa, ɗaya daga wayoyin da suka ɗaure shi ta tsinke, hedimasta ya ce yana tsoron ya faɗo wa yara. Aka kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Matarsa ta so ɓoye masa, amma ƙarar injin yanka ta isa har tsakar gida. Ya ɗauki sandarsa ya ɗingisa har bayan makarantar, ya tsaya a inuwa.

Baƙi ne, ba su san shi ba. Ya ga sun nufi wayar gabas za su fara kwancewa.

"Ku bar waccan sai ƙarshe," ya ce. "In kun sake ta yanzu, kan aji zai kwanta. Ku fara da ta yamma, ku ja shi wajen fili."

Babbansu ya dubi ƙarfen, ya dubi ajin, ya ce wa mutanensa su yi yadda tsohon ya ce. Ƙarfen ya karkata a hankali, ya kwanta a fili, ƙura ta tashi. Kafin rana ta yi sanyi sun yayyanka shi sun loda a mota.

"Mun gode, Baba," in ji babban. "Ko za mu rage maka hanya?"

"Gidan ba nisa."

Hadari ya haɗo yana kan hanya. Kafin ya isa an fara yayyafi, matarsa tana ta fama da awaki sun ƙi shiga garke. Ta miƙo masa igiyar babbar akuyar ta ce ya riƙe, kar ya sake ta ja shi ƙasa. Ya jingina da bango ya riƙe, ita kuma ta bi sauran.